Ɗan Farin da Ba Ya Zufa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har shekarun aurena sai an tuna mini, amma ranar da na tuntsurar da randar surukata a tsakar ɗakinta, a garin Aliero, a gaban mata cike da gida, wannan kam ba zan manta da ita ba har a sa ni a kabari. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin da kaina nake yi.

Lokacin Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba. Muna zaune a Jega, maigidana yana fataucin albasa da jakuna biyu, yana sarowa daga garinsu Aliero, inda mahaifiyarsa take zaune a gidan babban wansa. Ni kuwa 'yar Maiyama ce, can na je haihuwar fari kamar yadda aka saba. Na haifi namiji, aka yi barka, aka yi suna, ba wanda ya ga wani abu. Sai da wankan jego ya yi nisa abin ya fara bayyana. Kun san ɗakin mai jego, wuta a ƙarƙashin gado, ƙofa a rufe, ga tururin ruwan wanka safe da yamma. Ni ina zufa sharkaf, jaririn kuwa jikinsa a bushe ƙayau, ga zafi rau, ya ƙi nono, ya langaɓe. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ita ta lura cewa in an fito da shi inuwa an shafa masa ruwa sai ya farfaɗo ya kama nono, in an mayar da shi ɗaki sai ya koma yadda yake. Ta gwada har sau uku, sannan ta zaunar da ni ta ce, "Ɗiyata, yaron ga ba shi zuhwa. Haka Allah Yay yo shi. Ruwan randa shi na zuhwatai, sai ki riƙa ba shi da hannunki."

Ba zufar ce kaɗai ba. Gashin kansa ɗan tsiraru ne, mai laushi kamar gemun masara. Sa'o'insa suka cika baki da haƙora, shi kuwa har ya kusa shekara biyu guda biyu ne tak, su ma masu tsini. Hancinsa kullum a bushe, sai na ɗiga masa man shanu na share ɓawon a hankali kafin ya sami numfashi mai daɗi. Ko kuka ya yi, hawayen da ƙyar suke fitowa. Ban taɓa ganin mai irin wannan halitta ba, ungozomar unguwarmu ma ta ce ba ta taɓa gani ba, ita da ta yanke cibiyar rabin garin.

To sai rayuwata ta koma ta ruwa. Matan unguwa in sun je rijiya sau biyu sun gama, ni sai na ninka. Tsumma uku gare ni, ɗaya a jikinsa, ɗaya a cikin ƙwarya yana jiƙa, ɗaya a kan igiya. Ba na goya shi sai na jiƙa zanen goyon, saboda haka bayana kullum a jiƙe yake, har maƙwabta suna yi mini tsiya wai ɗana ya fi kowane yaro fitsari a Jega. In ina daka, tsakanin taɓarya goma sai na waiwaya na taɓa wuyansa. In ina tuwo, nesa da murhu nake ajiye shi, ya yi ta tsala ihu don yana son zuwa wurina, ni kuma ina yi masa tsawa daga cikin hayaƙi. Da ya fara rarrafe, shi da kansa ya gano gindin randa. Sai ka neme shi ka rasa, ka leƙa ka tarar ya manna kumatunsa a jikin randar, cikinsa a kan rairayin nan mai laima, yana barci abinsa.

Wahalar ruwan ba ta dame ni ba kamar bakin mutane. Kowace mace da ta shigo gidan da nata ilimin take zuwa. Wannan ta ce sanyi zan sa masa, ya tashi da ciwon haƙarƙari. Waccan ta ce baki ne, a nemo laya. Wata ta ce ai haƙoran nan masu tsini ba na mutane ba ne, na yi masa turare. Wata tsohuwa ma cewa ta yi laifina ne, na sha ruwan sanyi ina da ciki. Na rataya masa layu har wuyansa ya yi nauyi, na ba shi rubutu, na ba shi saiwoyi iri-iri, ba don na yarda da duka ba, sai don a bar ni na huta. Ba wadda ta taɓa cewa kawo tulun na ɗebo miki.

Ga kuma babbar matsala, ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban dangin miji. In ya faɗi, kawar da kai za ki yi wata ta ɗauke shi. In an tambaye ki lafiyarsa, ki sunkuyar da kai kamar ba ki ji ba. Ni kuma an yi mini tarbiyya sosai a Maiyama, har yabona ake yi wajen kunya, ni ma ina jin daɗin yabon. Duk lokacin da surukata ta zo Jega ranar kasuwa, sai na lallaɓa na jiƙa yaron a bayan ɗaki kamar mai sata, na dawo na zauna na haɗe fuska kamar ban san ɗan wane ne ba. Ta sha cewa, "Yaron ga kullum jiƙe, mi a haka?" Ni kuwa sai murmushi da kallon ƙasa. Maigidana ya san komai, yana kuma taimakona da ɗibar ruwa in ba idon mutane, amma shi ma ɗan farinsa ne, bakinsa a ɗaure yake gaban mahaifiyarsa.

Da yaye ya matso, ni da shi muka shirya a bar maganar sai ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. Ana cikin haka dogarai suka bi gari suna tattara masu jakuna, wai za a kai kayan Bature Birnin Kabi. Aka haɗa da maigidana da jakunansa biyu, ba a ma ce ga ranar dawowa ba. Bai yi kwana biyar da tafiya ba sai ga Inna, haka nake kiran surukar tawa, ita da ɗiyarta, ƙanwar maigidana, wadda aurenta ya mutu take zaune tare da ita. Tsakiyar bazara ce, irin wadda ko kaji sai sun buɗe baki suna haki.

Bayan an gaisa Inna ta ce, "Ɗiyata, yaro ya isa yaye. Malam ya duba, gobe Jumma'a rana ta mai kyau. Da sassahe za mu tahi da shi."

Maganar tana nan a bakina, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba: Inna, yaron nan ba ya zufa, in zafi ya kama shi ba a jiƙa shi ba mutuwa zai yi. Amma me na ce? Cewa na yi, "To, Inna." Wallahi har yau in na tuna wannan "to" ɗin sai na ji kamar na mari kaina.

Da safe na haɗa masa kaya, na sa tsummokaran nan uku da ƙwaryarsa a sama. Na ja ƙanwar maigidana gefe, tunda ita akwai wasa tsakaninmu, na ce ta riƙa jiƙa shi, kada a bar shi a rana, kada a rufe shi. Ta yi dariya ta ce, "Kai, matar yaya, ashe dai kina son ɗan ga! Bari in hwaɗa ma duniya." Ta ɗauka raha nake yi. Inna ta ɗaga tsumma ɗaya da yatsu biyu ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Tara nih haihwa, tara niy yaye, ba wanda yan narke." Na sake sunkuyar da kai. Suka tafi da shi tun rana ba ta fito ba, shi ya sa suka isa lafiya.

Al'ada ba ta yarda uwa ta bi ɗan yaye ba. Na zauna kwana uku a gida, nono ya cika ya yi tauri yana zogi, ga randuna cike da ruwa ba mai amfani da shi. In rana ta take sai na kasa zama, na shiga ɗaki na fito, na taɓa gindin randa inda yake kwanciya. Maƙwabta suna ta yi mini barka wai na huta da wanki.

Rana ta huɗu da hantsi wata mata 'yar Aliero, maƙwabciyar su Inna da ke kawo albasa kasuwar Jega, ta biyo ta gidanmu shan ruwa. Tun daga zaure take washe baki.

"Albishirinki! Tsohuwa ta gano ciwon ɗanki."

Na ce, "Wane ciwo?"

"Jiya jikinai yay yi zahi, har ya ƙi kunu. Inna tad duba, tac ce ashe zuhwa ta maƙale mishi cikin jiki, ba ta samu hanya ba. An sa a ɗebo sabara. Yau bayan azahar za a yi mishi surace, ta hito baki ɗai, ki huta."

Surace! A tafasa ganye a tukunya, a zaunar da mutum a gabanta, a lulluɓe shi da gwado har sai ya jiƙe da zufa. Ga mai mura ko zazzaɓi magani ne, ni ma an sha yi mini. Amma yaron da ɗakin jego ma ya kusa kashe shi? Ban san lokacin da moɗar ta faɗi daga hannuna ba. Matar tana tambayata lafiya, ni kuwa na yafa zane na fice, ko ƙofar ɗaki ban ja ba.

Tafiyar Jega zuwa Aliero a ƙasa, cikin wannan rana, ba na fatan ta ga maƙiyina. Rairayi yana ƙona tafin ƙafa, nono yana zuba yana bushewa a jikin zane. A hanya na wuce mutanen da aka fito da su aikin hanyar Nasara, suna sara suna kwasar ƙasa, zufa tana kwarara daga bayansu tana ɗiga. Na dube su na ce a raina, ya Allah, ga abin da nake nema wa ɗana ana zubar da shi a ƙasa a banza. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Baiwar Allah, wa ab biye da ke?" Ban ko waiwaya ba.

Na isa an idar da azahar. Tsakar gidan cike da mata a inuwar rumfa, ana yanke ganyen albasa ana hira, Inna tana tsakiyarsu a kan tabarma. Daga ɗakinta kuwa, ƙofa a saye da asabari, ina jin kukan ɗana.

To ga abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin nan. Kun san me na yi? Durƙusawa na yi. Na sha wannan tafiya, ina jin kukansa da kunnena, amma gwiwoyina da kansu suka kai ƙasa, na shiga gaisuwa.

"Ina wuni, Inna."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Lahiya lau. Lahiya dai, da rana tsaka?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. An samu labarin mai gidanki?"

"Tukuna, Inna."

Na bi sauran matan ɗaya bayan ɗaya, ina wuni, ina gida, ina zafi. Zafi fa! Ina tambayarsu zafi! Suna amsawa suna kallon juna, don kowa ya san abin kunya ne uwar ɗan yaye ta biyo shi, ɗan fari kuma. Ina cikin gaida ta biyar ko ta shida sai kukan ya fara ja baya, ya koma kamar na ɗan akuya, sannan ya ɗauke ɗif.

Inna ta gyaɗa kai ta ce wa matan, "Kun jiya? Ya yi kurum. Magani ya kama shi."

Na san wannan shirun. Shi ne na ɗakin jego a Maiyama. Ban san na miƙe ba, sai dai na ji wata murya ta cika gidan tana kiran sunansa, sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. Ashe muryata ce. Na tsallake kwandon albasa, na fizge asabarin har ya tsinke, na faɗa ɗakin. Tururi ya buge ni a fuska. Ƙanwar maigidana tana zaune ƙarƙashin gwado da shi a cinyarta, tukunya a gabansu. Na yaye gwadon na yar. Ita ta jiƙe sharkaf kamar an yi mata wanka, shi kuwa a bushe, jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu, kansa ya langaɓe baya, idanu sun kafe.

Randar Inna tana bayan ƙofa. Ban tsaya neman moɗa ba. Na shimfiɗe shi a ƙasa, na rungumi randar na karkato ta, ta fi ƙarfina ta tuntsure, bakinta ya fashe, ruwa ya malale ɗakin har ƙarƙashin gado. Na kwantar da shi a cikin ruwan, na tuɓe mayafina na tsoma na lulluɓa masa, ina ɗiba da tafin hannu ina zuba masa a ka, a wuya, a hammata. Na daka wa ƙanwar maigidana tsawa ta fitar da tukunyar ta kawo faifai ta yi masa fifita. Ta yi yadda na ce.

Matan kuwa sun cika ƙofa sun tare iska. Kuma kun san abin da suke cewa? Ba wadda ta ce yaro yana numfashi ko ba ya yi. "Kun ji ta kira sunanai?" "Da bakinta!" "Ɗan hwari!" "Wagga ɗiya ta Maiyama, ashe kunyar duk ta ƙarya ta." Wata har da salati saboda randa. Na juyo na ce, "Ku ba shi iska, don Allah ku gusa!" Ni da ko ɗaga ido ba na yi a gidan. Suka watse kamar kaji.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ina ta zuba ruwa ina kiran sunan nan, tunda dai an riga an ji. Can sai ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari, idanun suka dawo daidai. Ya dube ni, ya kai hannu ya cafki gaban zanena. Na san yaye ake yi, na san kwana huɗu sun tafi a banza in na ba shi. Na zauna dirshan a cikin taɓon na ba shi nono a gaban kowa. Ya kama, ni kuma sai a lokacin kuka ya zo mini.

Inna ta shigo, ruwa har idon sawunta. Ba ta yi maganar randa ba. Ta shafa bayan ɗiyarta, ta dubi tafinta a jiƙe. Ta shafa goshin yaron inda ya fara bushewa, ta dubi tafinta. Sannan ta ce, "Wuta guda, gwado guda. Ita ta jiƙe, shi ko ɗigo." Ta juyo gare ni. "Tun yaushe kis san haka?"

Na ce, "Tun ɗakin jego, Inna. Ba maƙalewa ta yi ba, babu ta ne. In ya yi zahi ba a jiƙa shi ba, tahiya zai yi."

"Shekara biyu! Mi ya hana ki hwaɗa min?"

Haushi ya turnuƙe ni, na ce ai na bayar da tsumma, na bayar da ƙwarya, na yi wa ɗiyarta bayani. Ta katse ni. "Tsumma kib ba ni. Tsumma na magana? Da kin bari na kashe jikana da hannuna, don a ce kina da kunya?"

Duk hanyar nan da na taho, ita nake zagi a zuciyata, ita da taurin kanta da 'ya'yanta tara. Ga shi ta faɗi gaskiya, kuma ba abin da ya fi wannan ciwo.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba, ba a yin haka tsakanin suruka da matar ɗa. Amma ta ce a ɗage yayen sai damina, na kuma zauna a gidan har maigidana ya dawo. Washegari ta aika wurin maginar tukwane aka kawo sabuwar randa da wata faffaɗar kwatarniya, aka ajiye a inuwar rumfa don jikanta ya riƙa zama a ciki. Daga ranar ta zama ita ce dogarin yaron. Duk wadda ta zo da maganar sanyi ko turare, Inna ce ke korarta tun daga zaure, har ta fi ni zafi, har ni ma takan yi mini faɗa wai na bar tsumma ya bushe. Matan unguwar dai ba su yafe mini ba. Har na tsufa, in na je Aliero biki sai na ji ana raɗa, ga wadda ta kira sunan ɗan fari.

Yaron ya rayu. Haƙoransa ba su taɓa cika ba, da fura da tuwo mai laushi ya girma, ya kuma zaɓi sana'ar da ta dace da shi, su yake yi, wato kamun kifi, a gulbin Jega, yini yake cikin ruwa. Yanzu shi ma da furfura a ɗan gashin nasa.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kunya ado ce, ban kuma yar da ita ba, amma in rai yana hannunki, buɗe baki ki faɗi magana da sunanta, ko a gaban wa. Mutane ba sa jin tsumma, ba sa jin sunkuyar da kai. Na koma ga al'adata, har yau "kai" nake ce masa, ko "wancan". Wani lokaci yakan zolaye ni ya ce shi bai yarda na san sunansa ba. Nakan ce masa na sani mana. Rana ɗaya na taɓa kiran sa a duniya, kuma Allah Ya sa ya amsa.